Kilomitocin da Ba Na Malam Baballe Ba Ne

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Abdussamad Babba,
Shugaban Zaman Sulhu na Layin Masu Zare,
Briqueterie, Yawunde.

Daga:
Safinatu, matar Malam Baballe maɗinki,
ta hannun maƙwabciyarta Umaima Baha'uddeen, tsohuwar malamar firamare.

Talata, 17 ga Satumba, 2024.

Game da: Ƙorafi a kan hukuncin da aka yanke wa Rilwanu mai walda ranar 1 ga Satumba, da roƙon a warware shi kafin ƙarshen wata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, ina gabatar da wannan takarda a madadin Safinatu, wadda ba ta yi karatun boko ba. Ita ta faɗa, ni na rubuta. Inda na ga maganar ba ta dace da takardar hukuma ba na gaya mata, ta ce in rubuta haka nan, na kuwa rubuta. Tana ƙorafi a kan hukuncin da zamanku ya yanke, amma ta ce in bayyana tun daga farko cewa ba ta ga laifin dattawa ba. Da abin da aka ba su suka yi hukunci, kuma ita ce ta ba su.

1. Ranar Litinin, 6 ga Mayu, likita ya gwada Malam Baballe ya ce tansiyonsa, wato jininsa, ya hau, zuciyarsa kuma ta fara rauni. Mutum ne da ya shekara arba'in a zaune gaban keken ɗinki, ba ya tashi sai salla ko tuwo. Likita ya rubuta magani, ya ce ya riƙa motsa jiki a hankali kullum, ya kuma ja kunne cewa duk ranar da ya kasa minti goma ba tare da haki ko nauyin ƙirji ba, a dawo da shi asibiti ba jira. Ranka ya daɗe, ka san layinmu. Tsoho ba ya taku goma bensikin, wato ɗan acaɓa, bai goge shi ba, ga taɓon damina, ga kwata. Sai Rilwanu, wanda ke walda a rumfar ƙofar gidan tun zuwansa daga Najeriya shekara biyu da suka wuce, ya ɗauko wani tsohon keke, ya cire tayar gaba, ya kafa shi a kan ƙarfe, ya ɗaura masa ɗan agogo mai ƙirga kilomita. Ranar 13 ga Mayu ya shigo da shi ɗakin Malam da kansa. Kyauta ya yi, don Malam ne ya ba shi wurin zama lokacin da bai san kowa a garin nan ba.

2. A ranar Rilwanu ya yi gargaɗi biyu a gaban Safinatu. Ya ce a rufe kyanwoyi a waje duk lokacin da za a hau keken, ya kuma ce a bar shi ya koma da shi kwana biyu ya sa wa tayar baya raga. Gidan kuwa, duk layi ya sani, na Madam ne, wato kyanwar Malam, da 'ya'yanta uku da ta haifa cikin kwandon ƙyallayensa. Ita ke fara cin kifi kafin masu gida. Safinatu ta ce wa Rilwanu raga ba ta da amfani, ita za ta kula da ƙofa. Ta ce in rubuta cewa ba wani dalili ne ya sa ta faɗi haka ba illa ta share ɗakin, ba ta son a sake jan ƙarfe a kan siminti.

3. Ranar Juma'a, 24 ga Mayu, da hantsi, Malam yana kan keke, Safinatu ta shiga ɗaukar tire ta fito ta bar ƙofa a buɗe. Ƙaramin ɗan Madam, wani fari mai ɗigon baƙi a goshi, ya ga taya na juyawa ya kai mata hannu. Ba sai an tsawaita ba. Malam ya sauko ya naɗe shi a cikin sabon yadin da wani ya kawo ɗinki, ya binne shi a gindin gwanda, sannan ya rantse da Allah ƙafarsa ba za ta sake taka fedar keken nan ba. Bai tambayi wanda ya bar ƙofa a buɗe ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya yini bai ci abinci ba.

4. A nan ne ɓarnar ta fara. 'Yarsu Fatiha, wadda ke aikin jinya a Garwa, ta kafa doka cewa kowace Juma'a a ɗauki hoton agogon keken a tura mata ta waya. Fatiha yarinya ce mai son ubanta, amma bakinta ba ya da birki, kuma in ta fara faɗa Malam sai ya kwana biyu ransa a ɓace. Safinatu ta yi tunanin ɓacin rai ya fi zama cutar da zuciya. Ranar 27 ga Mayu, bayan Malam ya fita azahar, ta ɗaure zanenta da kyau ta hau keken da kanta, da niyyar ta ɗan tura lambar gaba na mako guda kafin ya huce. Ƙafarta ba ta kai feda ba, don Malam dogo ne ita kuwa gajera. Ta kira Rilwanu ta ce masa gwiwar Malam ce ke ciwo, a sauke sirdin. Rilwanu ya dubi sirdin, ya dube ta, ya sauke shi, ya ɗaure da walda don kada ya zame. Ya koma rumfarsa.

Mako guda ya zama wata, wata ya zama uku. Malam ya gane tun a kwana na biyu, bai kuma hana ba. Abin da ya koma yi shi ne, da ta hau, sai ya tattara Madam da 'ya'yanta biyu ya zauna da su a kan tabarma a tsakar gida, ya rungume su a cinya har ta gama, don kada wani ya sake zuwa kusa da taya. Haka suka raba aikin: ita tana yi masa motsa jiki, shi yana yi mata gadin ƙofa. Safinatu ta ce ba ta taɓa ganin sun zauna lafiya kamar a watannin nan ba, kuma wannan na cikin abin da ya rufe mata baki.

5. Fatiha tana ganin kilomita biyar a kullum sai murna. Da randebun likita, wato alkawarin komawa asibiti na 8 ga Yuli, ya zo, Malam ya ce yana da ɗinkin biki a gabansa. Fatiha ta duba lambobi ta ce mutumin da ke tuƙa keke haka ba ya cikin haɗari, a ɗaga zuwa Satumba. Safinatu tana riƙe da wayar lokacin da aka faɗi haka. Ta riga ta ga takalmin Malam ya daina shiga ƙafarsa saboda kumburi. Ta ga yana tsayawa sau biyu tsakanin masallaci da gida yana yin kamar gaisawa yake da mutane. Ta ga ya ƙara matashi na uku a shimfiɗarsa. Duk ta gani, ta ce wa kanta gobe za ta faɗa.

Ita kuwa a wannan lokacin ciwon gwiwar da ta shekara shida tana fama da shi ya tafi. Ta daina haki a hawan kasuwa. Zannuwanta suka yi mata yawa. Ni mai rubutun nan ina cikin matan da suka tsare ta a gidan suna muna tsokanarta, muna cewa ta koma amarya, ta gaya mana sirrin. Ta yi dariya ta ce ganyen shayi ne. Katanga ɗaya ce tsakanina da ɗakin, ina jin ƙarar keken kullum a lokacin da na san Malam yana tsakar gida yana yi wa kyanwa magana. Ban tambaya ba. Ina roƙon a rubuta wannan ma a kaina.

6. Ranar Laraba, 21 ga Agusta, bayan la'asar, Malam Baballe ya faɗi a gaban keken ɗinkinsa. Rilwanu ne ya goya shi zuwa bakin titi. Malam ya kwana goma sha ɗaya a asibiti, likita ya ce da an kawo shi a Yuli da abin bai kai haka ba.

7. Ƙanen Malam, Sabiru, da ya zo daga Ekoudou ya shiga ɗakin, ya ga agogon keke yana nuna kilomita ɗari huɗu da arba'in da bakwai. Ranka ya daɗe, kana wurin lokacin da ya ɗaga agogon nan sama a zaman 1 ga Satumba, yana cewa an sa tsoho mai ciwon zuciya ya tuƙa keke daga Yawunde zuwa Duwala ya kusa dawowa, kuma wanda ya ƙera abin ba likita ba ne, ba injiniya ba, baƙo ne da ba a san asalinsa ba. Aka aiko a tambayi Safinatu a cikin gida ko Malam yana hawa kullum. Ta ce eh. Fatiha na zaune kusa da ita idonta jawur, Sabiru na tsaye a zaure, Malam na asibiti ba ya iya magana. Ta ce tsoro ne ya kama ta, amma ba ta kawo shi a matsayin uzuri ba. Aka tambayi Rilwanu ko yana da abin cewa. Mutumin da ya sauke sirdin da hannunsa, wanda kalma ɗaya za ta wanke shi, ya sunkuyar da kai ya ce Allah Ya ba Malam lafiya.

Zama ya yanke cewa Rilwanu ya tashi daga rumfar kafin 30 ga Satumba. Aka kuma yarda da maganar Sabiru cewa gashin kyanwa na toshe ƙirji, ana tashi daga zaman ya zuba Madam da 'ya'yanta biyu a buhun shinkafa ya kai bayan mayankar Etoudi ya sake. Tun ranar ba wanda ya kai wa Rilwanu ko gyaran murhu. Mata suna jan 'ya'yansu in za su wuce ta gabansa, ana kiransa mai keken kisa. Yana da mata da yara uku a Elig-Edzoa, jiya kuma an ga ya fara ɗaure ƙarafunansa.

8. Gaskiyar lissafi ita ce: cikin kilomita ɗari huɗu da arba'in da bakwai, ashirin da ɗaya ne na Malam Baballe. Sauran duk na Safinatu ne. Keken bai cutar da shi ba. Rashin hawansa da ɓoye rashin hawan su suka kai shi ƙasa. Ba a ce a yarda da bakinta kawai ba, tunda bakin ya riga ya yi ƙarya sau ɗaya a gabanku. Sirdin yana nan inda aka yi masa walda, ba ta bari kowa ya taɓa ba. A turo dattijo biyu su gwada tsawonsa da ƙafar Malam, sannan su gwada da tata.

9. Malam ya dawo gida ranar 1 ga Satumba da yamma, maganarsa ba ta fita sosai. Abin da ya fara nema da ido shi ne kyanwoyinsa, aka ce masa suna maƙwabta. Bayan kwana tara Madam ta dawo ita kaɗai, a rame, da rauni a kunne, ba 'ya'ya. Har yau bai san an kori Rilwanu ba, kullum yana tambayar me ya sa ba ya jin ƙarar walda. Likita ya ce nan da mako biyu ya fara motsi na minti biyar a gaban wani. Safinatu ta je wurin liman a kan rantsuwar, ya ce mata ciyar da miskinai goma ya warware ta. Ta ce da ta yi wannan tambayar a watan Mayu, da tukunya ɗaya ta dafa-duka ta gama komai.

Saboda haka, cikin ladabi, mai ƙorafi tana roƙon:

(a) A sake kiran zama kafin 30 ga wata, a warware hukuncin, a bar Rilwanu a rumfarsa.

(b) A wanke sunansa a wurin da aka ɓata shi, wato a bainar jama'a, ba a cikin zaure ba.

(c) A hana Sabiru sake taɓa kyanwar da ta rage.

(d) A karanta wannan takarda da ƙarfi daga farko har ƙarshe, a gaban Sabiru, da Fatiha ta waya, da Malam Baballe in jikinsa ya yarda. Na ba ta shawarar a tsallake sakin layi na uku, tunda maganar ƙofa ba ta shafi hukuncin ba, kuma Malam bai taɓa sani ba. Ta ce wannan ne ma za a fara karantawa.

Ba ta roƙi sassauci wa kanta ba. Duk abin da dattawa suka ga ya dace da ita ta karɓa. Abu ɗaya ta nema: in Rilwanu ya yarda ya sake taka gidan, a bar shi ya fasa waldar da ya yi, ya mayar da sirdin tsawon mai shi, ya sa ragar da ta hana.

Na ce mata ta bari in kawo takardar da kaina, tunda gidanka na kan tudu kuma hawan yana da wuya. Ta ƙi. Ta ce ita za ta kawo da ƙafarta, don ka ga yadda za ta iso ƙofarka ba haki ba nishi, mace mai shekara hamsin da huɗu da a bara sai an riƙe ta take hawa tudun nan. Ta ce ka dube ta da kyau in ta iso, ranka ya daɗe, domin lafiyar da za ka gani a jikinta ta mijinta ce.

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka gama da jama'a lafiya. Muna jiran umarninka cikin biyayya.

Mai ƙorafi,
Safinatu, matar Malam Baballe
(ta dangwala babban yatsanta na dama)

Wadda ta rubuta, kuma shaida a kan abin da ta ji ta katanga,
Umaima Baha'uddeen