Shingen da ya raba Gwaggona da ramin yumɓu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ina aiki da wata ƙungiya mai dashen itatuwa a nan Wudil. 'Yar wani ƙauye ce ni a wajen Darki, Gwaggona ce ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, da ginin tukwane ta yi min komai har na gama karatu. Akwai wani rami a bakin rafinmu da matan garin ke haƙar yumɓu tun kaka da kakanni, ni kaina na sha ɗauko shi a ka.

Da ƙungiyarmu ta zo yin dashe a bakin rafin saboda zaizayar ƙasa, ni na yi musu jagora, har ina ji da kaina. Aka yi mitin a ƙofar gidan dagaci, maza zalla, kun dai san mace ba ta zama a nan. Aikina shi ne in bi gida-gida in ji ta bakin mata. Na shiga gida biyu, rana ta yi, direba na ta danna min hon, sai kawai na cike fom cewa mata sun amince. Wallahi ban kawo ramin a raina ba, ni da na fi kowa saninsa!

Aka kewaye wurin da waya, ramin ya faɗa ciki, aka sa mai gadi. Da na je gida Gwaggo ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi da baƙo ne ya yi da sauƙi. Matan da ke tsokanata da 'yar boko yanzu gaisuwa ce a taƙaice. A ofis kuma yabona ake, to wa zan kai wa kukana? Ni kaɗai nake zama a ɗakina, in sa abinci gaba in kasa ci.

Itatuwan sun kama, gonakin bakin rafi sun daina zaftarewa, ba zan yi ƙarya ba. Amma mako mai zuwa masu ba da tallafi za su zo dubawa, kuma ni zan yi tafinta. In na faɗi gaskiya ana iya korata, a tsayar da aikin. In na yi shiru, shingen ya zauna ke nan.

Duk shekara kafin azumi Gwaggo kan aiko min da sabuwar randa. Bana ma ta aiko, amma ta kasuwa ce ta saya, ina taɓawa na san ba hannunta ba ne. Don Allah in faɗa wa masu tallafin gaskiya, ko in ja bakina?