Shuɗin Fentin da ke Zuba a Ƙofar Ɗakin Inna

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyar 'yan asalin garinmu mazauna birni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan ƙungiya. Ni ne Idi mai walda, wanda ya ba da filin da kuka haƙa burtsatse kuka kafa tankin ruwa a ƙauyenmu na kusa da Gozaki. Sau uku ina zuwa ofishinku a Funtua, sau uku ana ce mini ka fita. Na gaji da ƙona man babur, shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani. Ka yi haƙuri idan harshena ya yi kaifi, kwana biyun nan ko zama wuri ɗaya ba na iyawa.

Ba na musun alherinku. Kafin tankin nan rafi matanmu ke zuwa ɗibar ruwa. Da aka rasa fili, ni na ce a yanki bayan gidana, jikin katangar ɗakin mahaifiyata, Inna. Yau ƙafafun ƙarfe huɗu ne ke riƙe da tanki a saman rufin tsohuwar nan, kuma biyu daga cikinsu tsatsa ta cinye gindinsu, alhali damina biyu kacal suka gani. Na daɗe ina haɗa ƙofofi da amalanke a Malumfashi, na san ƙarfe mai lafiya, na san marar lafiya. Ga abin da idona ya gani.

Na farko, an sauke ƙarafan tun farkon damina, aka bar su makonni cikin ciyawa ruwa na dukansu har suka yi ja. Da aka haɗa su, ba a sa burushin waya ba, ba a goga samfefa ba, ko ɓawon da walda ke bari ba a ƙwanƙwashe ba. Fentin da aka shafa a kan tsatsa bai taɓa ƙarfe ba, tsatsar ya kama, ita kuwa ta ci gaba da cinta daga ƙarƙashi.

Na biyu, jan fenti. Kowane mai walda ya san shi ake fara shafawa, a bari ya bushe, sannan a bi da mai launi. Ɗan kwangilar da kuka ɗauko ya tsallake shi. Da na yi magana, sai ya ce a gaban jama'a, "Malam Idi, wannan fentin zamani ne, ba irin na amalankenku ba." Aka yi dariya, kunya ta kama ni, na ja bakina na yi shiru. Har yau ina jin haushin shirun nan. Daga baya na tsinci gwangwanin fentin da ma'aikatansa suka yar, na kai wa Sande mai shagon fenti a Funtua, ɗan Ibo haifaffen garin. Shinshinawa kawai ya yi ya ce, "Baba, wannan ai kalanzir aka ɗura masa. Galan ɗaya aka mayar biyu, wallahi ko ƙofar kaji ba zai riƙe ba."

Na uku, gaggawa. An sa ranar buɗewa, za ka zo da baƙi. Masu fenti suka hau da sassafe, raɓa na ɗiga daga jikin ƙarfe, suka yi ta shafawa, da la'asar kuma ruwa ya sauko a kai. Gefen da ke kallon hanya an yi masa shafi biyu, don shi zai fito a hoto. Gefen da ke kallon katangata shafi ɗaya ya samu, cikin kusurwoyin ƙarfe kuwa burushi bai leƙa ba. Ka zo ka yanke ƙyalle, ka kurɓi ruwa, aka tafa. Har da ni a masu tafin.

Na huɗu laifinmu ne, kuma ba zan ɓoye shi don in yi nasara a kanka ba. Bara da aka kawo takin zamani, muka rasa inda za mu ajiye kafin rabo. Ga inuwar tanki, ga daɓen siminti, sai aka jingina buhunan yuriya da ƙafafun ƙarfen. Ni na ce a ajiye. Duk sanda tanki ya cika ya yi ambaliya, ruwa ya jiƙa buhuna, taki ya narke ya kwanta a gindin ƙarfe. Ni da na sha sauya wa amalanke ƙarfen ƙasa saboda taki ya cinye shi! Na ɗauka fenti zai kare, na manta irin fentin da na gani da idona. Awaki ma a can ake ɗaure su, suna fitsari a wurin. Ku kun bar ƙarfe tsirara, mu muka zuba masa guba.

Juma'ar da ta wuce na ɗauki ƙusa na danna a gindin ƙafar da ke jikin katanga. Alhaji, ƙusar shigewa ta yi, kamar an soka ta a rogo dafaffe. Idan hadari ya taso da iska, tankin ƙara yake yi, ina tsakar gida ina jin sa. Na roƙi Inna ta koma ɗakina, ta ce, "Ɗakin nan ubanka ya gina mini, ba tanki ne zai fitar da ni ba." Na turo ƙanwarta, na turo liman, ta ƙi. Kullum da safe tana share ɓawon shuɗin fenti daga ƙofarta tana tarawa a gwangwanin madara, wai kada kaji su ci.

Don haka na cire wayar solar da ke tura ruwa sama, na juye ruwan tankin. Mata sun koma rafi, suna cewa Idi ya ba da fili ya dawo ya ƙwace ruwa. Mai unguwa ya aiko sau biyu. Matata ma da ƙyar take amsa gaisuwata, don ita ma tulun take ɗauka. Ban ga laifinsu ba. Amma ba zan ɗora wa ƙarfen nan ruwa a kan uwata ba, kuma ko fankon ma ban yarda da shi ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A turo wanda ya san ƙarfe, a sauke tankin kafin iskar ƙarshen damina. A sauya ƙafafun nan biyu, ni zan yi waldar kyauta. Sauran a kankare su har ƙarfe ya yi fari, a sa jan fenti, a bi da mai launi shafi biyu ta kowane gefe, bayan rana ta ɗaga raɓa ta bushe, kuma ba tare da kalanzir ba. A zuba siminti mai gangara a gindinsu don kada ruwa ya kwanta. Mu kuma za mu kewaye wurin da shinge, ba taki, ba akuya. Abu ɗaya ne ba zan yarda da shi ba: a turo masu fenti su sake shafe tsatsar don wurin ya yi kyau. Ranar da na gan su, ni zan janye tsanin.

Gwangwanin madarar Inna na bar shi wurin mai gadin ofishinku. Ka buɗe, ka ɗauki ɓawo guda, ka juya bayansa. Shuɗin shi kuka gani ranar buɗewa, jan da ke baya, wato tsatsar, shi muke kwana a ƙarƙashinsa. Inna ta riga ta fara cika gwangwani na biyu.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya saka wa 'yan ƙungiya da alheri, ya sa ka riga iska isowa.

Wassalam.

Idi mai walda