Baƙin da Ba Sa Sallama

San Fernando, Trinidad

Mama, ki sa mini albarka. Ya gwiwar taki? Yaya Wilmer ya gyara injin kwalekwalen? Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci, kada ki damu.

Na koyi wata kalmar Turanci. Madam Sookdeo, mai gidan abincinmu, ta ce masu duba takardun zaman ƙasa za su riƙa zuwa “unannounced”. Na ce mene ne haka? Ta ce, “Yarinya, ba waya, ba sallama, sai dai ki ɗago kai ki gan su.”

Ranar Talata na ɗago kai na gan su, su uku a ƙofar kicin, ni kuwa ko takarda ɗaya ba ni da ita. Kin san tarbiyyarki, baƙo ya shigo a ba shi kofi. Sai na zuba musu. Suka sha, suka ƙyale ni, suka kama abokiyar aikina Dailín, 'yar maƙwabciyarmu ta can gida, da ta ruga ta ƙofar baya. Har yau shiru. Kada ki gaya wa mamarta tukuna.

Kin ce wata rana za ki zo mini ba zato. Don Allah kada ki ƙwanƙwasa. Ki tsaya a waje ki kira sunana.

'Yarki,
Yusmary