Katin Kewa

Zuwa ga Uwargida,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Yaya da iyalinsa. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yau wata huɗu da rasuwar ɗanmu Auta, wata uku da tafiyarki gidan Yaya hutun mako guda. Na san abin da ya kore ki. Kwana uku da rasuwar kika shigo ɗaki kika same ni da jan biro, ina gyara kurakuran rubutu a takardun ta'aziyya. Kika juya kika fita. Da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi.

A ofis aikin ƙamus ya kawo mu harafin K, katin da ya faɗo hannuna kuwa shi ne na kalmar kewa. Ma'anar ba ta ba ni wuya ba: zafin rashin wanda aka saba da shi. Na bi asalinta cikin littattafan Larabci ban ji ɗuriyarta ba, ga alama tamu ce, gadon gida. Abokin aikina ya rantse 'yar'uwar kewaya ce. Na nemi hujja, ya ce, "Haba Malam, ai kunne ma shaida ne." Inda ilimi ya koma ke nan.

Misali ne ya kayar da ni. Ƙa'idarmu, kowace kalma sai an sa mata jimlar da aka ji daga bakin mai rai. Mako shida katin yana aljihuna. Shekara ashirin ina fassara wa mutane abin da ke ransu, nawa ya gagare ni. Ki taimaka mini da jimla ɗaya.

Ki gaida Yaya.

Mijinki,
Malam Ƙamus

*

Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan gwiwar ta lafa.

Takardarki ta iso jiya. Layi ɗaya kika rubuta: "Har yanzu in zan zuba abinci, kwano ukku nake daukowa." Na karanta a tsaye, sai na nemi kujera.

Ga tawa, tunda kin biya. Kullum da safe nakan sa wayar Auta a caji. Ba na buɗe ta. Ba na dai son ta mutu ne. Takalmansa suna bakin ƙofa inda ya cire su, in ina shara sai in bi ta gefensu. Ranar da kika gan ni da biro, ba takardun nake karantawa ba. Hannuna nake nema wa abin riƙewa.

Akwai kuskure biyu a layin naki. Na rufe biron na sa a aljihun tebur, na bar su yadda suke. Jimlarki ba za ta shiga ƙamus ba, ta gida ce.

Ki dawo, don Allah. Ki ɗauko kwano ukun, ni zan riƙa mayar da ɗaya.

Naki har kullum,
Malam Ƙamus