Gonar Baba

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu nan sai godiya. Babanka yana nan yadda ka bar shi, ɓarin dama ba ya motsi, magana ba ta fita. Da safe mu fito da shi ƙofar ɗaki ya sha hantsi, in rana ta yi zafi mu mayar da shi. Yayarka ta yaye ɗanta. Akuya ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba.

Maganar gona ce ta sa na rubuto. Damina ta matso, ko sharar gona ba a yi ba. Maƙwabcinmu ya nemi a ba shi aro. Ka dai sani, gonar da ta daɗe a hannun aro ba ta cika gane hanyar gida ba. Na ce masa sai na ji ta bakinka.

Ka huta lafiya.
Gwaggonka

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya mai jiki? Allah Ya saka miki da alheri.

Ni ina nan gidan bulo. Mu kwaɓa siminti, mu buga, mu jera a rana, gobe ma haka. Ba na jin daɗi, ba na jin wuya. Rabona da noma tun ina makaranta, kin kuma san Baba ya sha cewa kunyar da nake yi a gona kamar tafiyar maciji take. Ki tambaye shi. In ya gyaɗa kai, zan zo.

Ɗanki, Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Na tambaye shi. Ya dube ni, ya dubi bango. Ranar Talata Allah Ya karɓi abinsa. An yi ta kiran wayarka, a kashe take. An kai shi da la'asar. Ban yi kuka ba. Har yau nakan ɗora masa ruwan wanka, sai ya tafasa nake tunawa.

Yanzu babu mai gyaɗa maka kai. In za ka zo, kada ka yi shuka da ruwan farko, yana yaudara. Ka fara kai taki gefen tudu, can ƙasar ta gaji. Gefen rafi kuwa ka ɗaga kunya, yana riƙe ruwa. Hannunka zai yi kanta, ba ta kisa.

Allah Ya ba mu haƙuri.
Gwaggonka

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ya haƙuri?

A wurin aiki aka miƙo min takardarki. Na karanta, na sa a aljihu, na ci gaba da lodin bulo har aka tashi. Mutane na ta yi min ta'aziyya, ni kuwa kamar da wani suke.

Ki ba maƙwabci haƙuri. Ina tafe ranar Asabar. A ɗakin Baba zan sauka, kada ki kwashe komai. Sai dai ki aro min fartanya a wani gidan. Tasa ba zan iya ɗauka ba tukuna.

Ɗanki, Auta