A Bar Kuka

Laraba da dare, garin Taba. Shekara biyu da samun mulkin kai.

Yau kam ni Tanko ɗan hamayya na nuna musu ruwa ba sa'an kwando bane. Masu mulki sun hanani lacca, suka turo masu gatari su sare kukar bakin kasuwa, wai za a kafa rumfar auduga. Sai na rubuta a allo da gawayi, A BAR KUKA, na rataya a jikinta na zauna.

Kan kace kwabo jama'a sun cika gindinta, sun zaci makoki ne. Ɗan doka ya karanta allon yace, "Malam Tanko, wa ya rasu?"

Nace, "Tukuna dai yallaɓai, amma ga masu kisan nan da gatari."

Dariya har da shi. Wa zai kada itace kan mutane? Suka saɓa gatari suka tafi.

Wai jibi zasu dawo. Su dawo mana, allona na nan. Iya Delu mai saida kuka ta aiko min tuwo. Mata basa ƙuri'a, amma tace in mijinta ya zaɓi wani ba ni ba, gayan tuwo zai ci, ba miya, har baɗi.