Taraktar Baba a Hannun Tela

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar nan taka, ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau, Baba ma yana gaishe ka.

Wasiƙarka ta iso, na kuma karanta wa Baba kamar yadda ka ce. Na gane hujjarka: idonsa ya tafi, lambu ya shekara biyu ba a nome shi ba, ni kuma kullum ina shago a kan keken ɗinki. Ka ce ƙarshen wata za ka zo da mai sayen lambun, ka tafi da Baba wajenka. Da na gama karatu sai ya juya fuskarsa bango.

To ga abin da ya faru washegari. Na shiga rumfar baya neman igiyar shanya, na yaye tamfol, sai ga Gwaggo. Ka tuna ta ai, 'yar jar taraktar Baba mai taya biyu, wadda muka laƙaba wa sunan saboda tari da mita. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta, tsatsa ta ci salansa, wato bututun hayaƙinta, hannun tayarwa ya ƙi ko motsi. Ashe Baba ya ji ƙarar tamfol. Sai ga shi da sanda yana laluben hanya, mutumin da ya yi wata uku bai wuce bakin ƙofar ɗakinsa ba. Ya shafa ta tun daga tanki har garma, ya ce fistin ne, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, ya kafe, da zai sami ido da hannu da ya tashe ta. Na ce ga su nan.

Na san dariya kake yi. Yi abinka. Roƙona ɗaya ne, kada ka sa hannu a takardar kowa sai ka zo. In Gwaggo ta tashi ta kafce lambun nan kafin ƙarshen wata, maganar sayarwa ta mutu. In ta ƙi, ni da kaina zan haɗa wa Baba akwati.

A shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana na kaina,

Barka da ɗawainiya. Ina fata duk kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ga amsarka, har da inda ka ce kada in ɗinke wa injin baki. Allah ya nuna mana ranar da za ka janye maganar nan.

Albishirinka, fistin ya fito! Kwana huɗu muna jiƙa shi da kananzir, Baba ya hana ni taɓa guduma, sai guntun katako, ana ɗan bugu ana hutawa. Ran da ya saki na yi ihu har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ta zaci maciji na gani.

Ka zo ka ga yadda muke aiki. Baba yana zaune a kan bokitin da aka kife, ni ina durƙushe da sifana. Duk abin da na kwance sai na sa masa a tafin hannu, ya murza shi, ya faɗi sunansa, sannan in jera a tabarma daga hagu zuwa dama yadda suka fito. Noti ɗaya ya gangara ƙarƙashin benci, kafin in ɗaga kai ya gaya mini inda ya tsaya. Zobban fistin da gaskit mun samo sababbi. Mai shagon kayan gyaran ya tambaye ni ina bakaniken da ya aiko ni, na nuna masa farcena. Mai walda ya liƙe hujojin salansa, bawul biyun kuwa, masu buɗe wa iska da hayaƙi hanya, ni na goge su da hannu har sai da Baba ya ce sun zauna.

Ka san halina da tsafta. Ranar da Baba ya kwanta hutawa da rana na ɗauki giyoyin nan masu haƙora na wanke su tas, na bi su da samfefa. Babbar tana da wani mummunan karce a gefe, na yi ta gurza har ya ɓace. Yanzu sai ka duba fuskarka a ciki.

Baba yana cin abinci, Yaya. Jiya har ƙari ya nema, kuma ya yi mini faɗa sau uku kafin azahar. Rabon da in ji daɗin faɗa haka na manta. Jibi za mu haɗa.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, ya jikin Anti da aiki?

Mun haɗa inji ranar Talata. Na daidaita giyoyin a kan ɗigon da kamfani ya buga musu, kamar yadda ɗan littafin injin ya nuna, na zuba baƙin mai, na murza hannun tayarwa. Shiru. Na murza har kafaɗata ta ƙage, sai wani huci ta baya da farin hayaƙi. Kwana biyu muna haka, saura kwana uku ka zo. Na shiga bayan rumfa na yi kukana.

Baba ya sa na sake murzawa a hankali, ya kara kunnensa a jikin injin. Sai ya tambaye ni ko na saita babbar giya a kan alamarsa. Na ce wace alama? Ashe shekara ashirin da suka wuce ta asalin ta karye, ya ciro wata daga injin ban ruwa ya sa. Girmansu ɗaya, amma ɗigon kamfanin bai dace da Gwaggo ba, shi ya sa ya karce nasa da ƙusa. Karcen da na zauna na gurje ke nan. Da na gaya masa na jira faɗa, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce laifinsa ne da ya ba tela ƙarfe, ai ba za ta bar tabo a jikin kaya ba.

Muka sake buɗewa. Ya sa na zura waya ta ramin nozul, inda mai yake shiga, ina juya injin kaɗan kaɗan har fistin ya kai ƙarshen sama. Shi kuma ya ɗora yatsu biyu a kan bawul, yana juya babbar giyar haƙori bayan haƙori, idonsa a rufe kamar mai sauraron magana daga nesa. Can ya ce in tsaya. Haƙori uku ne tsakaninmu da ɗigon kamfani. Ya miƙo mini ƙusa ya ce in karce da hannuna, in kuma zurfafa.

Yaya, murzawa ta biyu ta yi tari, ta yi tari, ta kama! Kaji suka watse, hayaƙi ya cika rumfa, ni ina ta tsalle da ɗankwali a hannu. Muka fitar da ita lambu. Baba ya riƙe hannunta ɗaya na riƙe ɗaya, ina gaya masa dama ko hagu, muka kafce layi shida. Na farkon a karkace yake, ban kuma yarda kowa ya gyara shi ba.

Da muka kashe ta ya zauna a bakin kunya, ya damƙi ƙasa ya sunsuna. Na fara zuba ina cewa yanzu sai mu ga wanda zai ɗauke shi daga gidansa. Ya bari na gama, sannan ya ce: “Auta, rubuta wa yayanki ya zo ya ɗauke ni. Kin rufe shago mako uku saboda ni, ba zan bari ki rufe shi shekara ba. Abin da ya hana ni tafiya shi ne barin lambun nan ba mai shi. Yanzu yana da mai shi.”

Na yi magiya, na yi fushi, ya ƙi sauya magana. Na ci gardamarmu, Yaya, amma wallahi ban san haka cin zai zo ba. Ka sallami mai sayen lambu, ka zo kai kaɗai ranar Asabar. Ka ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa, kada kuma ku riƙa yi masa komai, ku bar shi ya laluba.

Na fara wanke masa kaya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta